Bayan Kwat ɗin Kawu Toader

A danginmu ni ce mai ajiye hotuna da takardun haihuwa, shi ya sa duk wanda aka yi gardama da shi a kan kwat ɗin Kawu Toader sai ya nufo ni. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Kawu Toader yayan mahaifiyata ne, makiyayin tumaki, matarsa kuma Inna Veturia. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana ɗinki a wata masana'antar tufafi a birnin Suceava. Da aka rufe wurin ta dawo ƙauye da keken ɗinkinta na ƙafa, ta kama haɗa barguna da guntayen ƙyalle. Ba ta taɓa sayen yadi ba. Duk tufar da ta tsufa a gidan sai ta koma dabba a jikin bargo. Siket ɗina na firamare yanzu zakara ne, labulen kicin kuwa agwagi uku ya haifa. Da zarar kaka ta yi, an cire masara an cika ganga da kabeji, za ta zauna bakin taga, ba abin da ke tashinta sai ƙararrawar coci.

Ni na shigar da ita wani zauren Fesbuk na mata masu ɗinkin bargo. Ni ke ɗaukar hoto in ɗora, in karanta mata abin da aka ce. Idan yabo ne sai ta ce, "Sake karantawa, ban ji ba." Amma ranar da wata ta ce kunnen zomonta ya karkace, daga can cikin lambu ta jiyo.

Shekaru uku da suka wuce zauren ya ce kowace ta ɗinka dabbar gidansu kafin ƙarshen Oktoba. Inna ta ce baƙin rago za ta yi, wato Corbu, wanda ya ja wa garken Kawu gaba shekara tara. Ta gama ciyawa, ta gama dutse, ta duba ko'ina ba baƙin yadi. Wata safiya na shigo na same ta durƙushe gaban akwatin ɗakin baƙi.

Kamar kowane tsoho a ƙauyenmu, Kawu ya tanadi kayan da za a binne shi da su: farar riga, sabon takalmi, tawul-tawul na masu ɗaukar gawa, da wata baƙar kwat ta ulu da 'yarsu Domnica ta kawo masa daga Italiya. Bai taɓa zuwa ko biki da ita ba. Sau ɗaya a shekara yake fito da ita, ranar bikin Waliyyi Dumitru wajen ƙarshen Oktoba, ya shanya, ya gwada ya ga ko har yanzu tana yi masa.

Na ce, "Inna, kayan mutuwar Kawu ne fa!"

"Na sani, ni na ninke su. Ke da kika yi boko, gaya mini, a tsaye za a sa shi ko a kwance?"

"A kwance."

"Rigingine ko rub da ciki?"

"Rigingine."

"To wa zai ga bayansa? Fadan coci ne zai juya shi?"

Ta yanke bayan kwat ɗin kaf, ta toshe gurbin da tsohon mayafin tebur, rawaya mai jajayen furanni. Ba zan ɓoye nawa laifin ba: ni na riƙe mata almakashi, ni kuma na ɗora hoton.

Rago ya yi kyau ƙwarai. Mata daga garuruwan da ba mu taɓa jin sunansu ba suka yi ta yabo. Can ƙasa sai ga Domnica ta rubuta: "Mama, yadin nan na san shi." Ba a jima ba ta kira. Inna ta kife wayar a kan tebur tana cewa, "Ba na jin ki, 'yar nan, iska ta yi yawa," alhali ko ganye ba ya motsi. Saura kwana huɗu ranar Waliyyi Dumitru.

Ranar ta zo. Kawu ya zaro kwat a ninke yadda aka ajiye ta, ya zura ba tare da ya juya ta ba, ya tsaya gaban madubi yana shafa ƙirji. Ya fita bakin ƙofa don maƙwabcinsa Gavril ya gani, suka gaisa, ya juya zai koma. Gavril ya riƙe shinge don kada dariya ta kayar da shi.

"Toader, sannu da ƙoƙari! Sanyi ya kashe furen kowa, naka ne kaɗai ya tsira!"

Kawu ya cire kwat ya duba. Ya shigo kicin yana riƙe da ita da yatsu biyu.

"Ke tsohuwa, haka zan je gaban Ubangiji, da tebur a bayana?"

"Haba maigida, Ubangiji ya gan ka shekara hamsin cikin wandon kiwo, bai ce komai ba."

Bai yi dariya ba. Ya tura kwanon tuwon masara da cuku gefe, ya fita rumfar itace ya zauna. A nan na gane abin ya yi masa ciwo da gaske. Mutum ne da bai taɓa mallakar tufa mai kyau ba sai wannan, ita ma ya haƙura da sa ta ne don ya tafi da mutuncinsa. Inna ma ta zauna gaban keke ba ta taka ba.

Na bi shi da waya na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo.

"Har tsagar kunnen hagu ta yi masa," in ji shi. "Kyarkeci ne ya yi masa ita, ina wurin. Me mutanen nan suke cewa?"

Na karanta masa wata da ta ce ba ta taɓa ganin rago mai kwarjini haka ba. Ya gyara zama.

"Sake karantawa, ban ji ba."

Da ya dawo kicin sai ya yanke hukunci: yadinsa ne, ragonsa ne, a mayar masa da abinsa inda aka ɗauko. Inna ta ce zauren fa, saura kwana biyar. Ya ce su zo su same shi. Haka ta zauna tana farke ragon daga bargo, da ciyawarsa da komai, tana mita, ta ɗinke shi a bayan kwat. Ramin da ya bari a bargon ta cike shi da furannin tebur, ta hana ni ɗaukar hoto.

Kawu ya rasu bara da bazara. An kwantar da shi rigingine, kowa na cewa kwat ɗin Italiya ta yi masa kyau. Gavril, da ya taimaka wajen ɗaga shi, ya ce ya ji ƙahon a tafin hannunsa. Bargon yana wurina, da rago na furanni a tsakiya, kuma har yau Inna ba ta yarda a ɗora shi ba.