Na Sa Muryar Mahaifiyata A Bakin Mayya

A lokacin ina da shago a Jega Sabon Gari, inda nake tura wa mutane finafinai a waya. Na ɗan taɓa karatu a Aliero, ina jin Turanci, kuma Allah ya yi ni da iya kwaikwayon murya. Sai na fara fassara finafinan waje zuwa Hausa, musamman irin waɗanda iyali ke kallo tare da yara, na dodanni da tsafi da tafiya mai haɗari. Ni kaɗai nake yin duk muryoyin, kuma ina da tsarina. Jarumi da gimbiya Hausar rediyo nake ba su, wankakkiya. Wawa in ba shi bakin mutanen ƙauye, mugu kuwa Hausar Fulanin daji. Mutane suna dariya har da riƙe ciki, ni kuma kaina yana kumbura. Ban taɓa tambayar kaina wa ake yi wa dariyar ba.

Mahaifiyata Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Maiyama. Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba, tana jan ƙarshen magana, tana cusa Fulatanci a tsakiya. Da na samu wani fim mai tsohuwar mayya da ke sace yara a kurmi, ban wahalar da kaina ba. Na ɗauki maganar Inna sak na sa mata, har da yadda take kiran yaro ya zo ya karɓi fura. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, daga Kimba da Sabiyal ma ana zuwa in tura.

'Yata tana da shekara shida, kuma duk duniya ba ta da kamar kakarta. Ashe ita ma ta kalli fim ɗin. Ranar kasuwa Inna ta zo da ƙwaryar nono kamar kullum, ta yi sallama, ta kira jikarta ta zo ta karɓi fura. Yarinyar ta ruga ɗaka, ta shige ƙarƙashin gado tana rusa kuka. Yaran unguwa suka taru a ƙofar gida suna maimaita maganar mayyar suna dariya. Inna ta matsa wa matata da tambaya, har matata ta kunna mata wurin mayyar a waya. Na shigo na tarar tana sauraro.

Ni ne ɗanta na fari, saboda kunya ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallon idona ba. Ran nan ta dube ni, ta tambaye ni cikin Fulatanci ko haka maganarta take a kunnena tun ina goye a bayanta. Na durƙusa na roƙe ta, ta ce ta yafe, kuma na san da gaske take. Amma daga ranar ba ta ƙara ɗaga murya a gidana ba. Takan miƙa wa matata nonon a zaure, ta gaisa ƙasa-ƙasa don kada ta tsorata yarinyar, ta juya. Kafin 'yata ta yi wayo ta gane, Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

Na daina wannan tsarin, amma na makara. Ina roƙon masu fassara da masu shirya fim su ji tsoron Allah. Yaro ba ya raba wasa da gaskiya, wanda ka nuna masa a matsayin mugu shi zai guda, ko da jininsa ne. Ku bar Bafulatani da Bazabarme da ɗan ƙauye su ma su zama jarumai wani lokaci.

Na goge fim ɗin a shagona, amma yana nan a wayoyin mutane. Kwanaki 'yata ta ce ta manta yadda kakarta take magana, ta tambaye ni ko na ajiye muryarta a wani wuri. Na ce mata a'a.