Makullin Shehu da Ƙofa ta Biyu

Ka taɓa ganin kwamfuta a cikin kwamfuta, ita ma a cikin wata kwamfutar? Ni ban taɓa gani ba sai a shagon Baba Haladu tela, taku tamanin da huɗu daga tashar Gumel. Zare nake sayarwa. Duk Alhamis idan na taso daga Gagarawa zan tafi kasuwar Maigatari, sai na tsaya na ajiye masa ƙulli goma sha biyu, shekara tara ke nan.

Kujeru biyu ne a shagon. Ɗaya ta Haladu, mai aikin allura da hannu. Ɗayar ta Shehu ce, Bafulatanin garin Sule Tankarkar, wanda ya zauna gefensa shekara talatin da ɗaya. Shehu ne ya sayo tsohon injin surfani mai aiki da kwamfuta, shi kaɗai kuma ya iya sarrafa shi. Kullum suna tsokanar juna.

"Tsoho, kai ka yi wa rabin garin nan wuyan riga, amma taka fili kamar buhun gero," in ji Shehu.

"Bafillace, bar ni. Kai da injin ke yi wa aiki kana shan shayi, me ka sani?"

Shehu ya rasu bara da kaka, bayan jinyar kwana shida. Sati uku da rasuwarsa, kwamfutarsa ta ƙone.

Haladu ya kai ta wurin Aminullahi mai gyara a Maigatari. Nan ya ji abin da bai sani ba. Manhajar injin tsohuwa ce, ba ta aiki sai da tsohuwar Windos. Shi ya sa Shehu ya gina wata kwamfutar ta gizo a cikin tasa, wadda ba a taɓa ta da hannu, sai dai a buɗe ta a allo kamar taga. Aminullahi ya kwashe kwamfutar Shehu ɗungurungum, ya zuba ta a cikin wata sabuwa, ita ma a matsayin ta gizo. Suka zama uku. Haladu ya ce to, zaure ke nan, da tsakar gida, da ƙuryar ɗaki.

A ƙuryar ɗakin akwai zane ɗari biyu da goma sha huɗu. Na ƙarshe, wanda Shehu ya taɓa kwana biyu kafin ya kwanta, sunansa "Na Tsoho".

Amma zanen ba ya buɗuwa sai manhajar ta ga makullinta, wani ɗan abu kamar filas da ake cusawa a gefen kwamfuta. Dole makullin ya shiga zaure, a miƙa shi tsakar gida, a sake miƙa shi ƙurya.

"Baba, ƙofa ɗaya na sha wucewa da kaya," in ji Aminullahi. "Biyu kuwa, wallahi ban taɓa ba. Ga inda ake dannawa. Ka yi ta gwadawa."

Da wata ya kama, Aminullahi ya koma Damagaram da aiki. Saƙon murya ɗaya yakan turo a sati, wani satin babu.

Haladu yana da shekara sittin da biyu. Matarsa ta riga Shehu tafiya, 'yarsa Sharifa tana aure a Kaduna. A duk Gumel bai sami wanda ya san kan abin ba. Ya tambayi masu cajin waya uku, da malamin makaranta ɗaya, kowa ya ce a kai Kano. Ya ƙi, don yana tsoron a goge masa abin da ke ciki.

Sai ya ɗauki littafin awo, ya juya shi ta baya, ya fara rubuta gwaji. Tsakanin azahar da la'asar yake yi, lokacin da sola ta cika batir. Kafin kwamfutoci ukun su farka ɗaya bayan ɗaya, minti goma sha ɗaya. Na duba agogo da kaina. A wannan jiran ba ya ɗinki. Yana zaune ne kawai, fuskarsa ga allo, kujerar Shehu a damansa da ƙyalle a kai.

Gwaji goma sha bakwai na farko duk banza ne, shi ma ya faɗa. Yana canza ramin da ake cusa makullin, yana canza dannawa, yana kashewa da kunnawa, duk a lokaci ɗaya. Idan abu ya motsa bai san me ya motsa shi ba.

"Kamar ka rage hannu da kafaɗa da ƙirji tare, sannan ka ce me ya sa riga ta matse," ya ce mini. "Daga yau abu ɗaya a rana."

Ya ajiye makullin. Ya ɗauko filas mai hoto ɗaya a ciki, hoton jikarsa. A gwaji na ashirin da uku hoton ya bayyana a tsakar gida. A na talatin da ɗaya, bayan ya rubuta wa ƙofar ciki umarnin karɓar filas ɗin da hannunsa, hoton ya bayyana a ƙurya. Wato hanya a buɗe take. Ya mayar da makullin. Makullin ya wuce ƙofar farko, ya tsaya cak a ta biyu. Sau tara haka.

Na same shi ranar gwaji na arba'in bai ci abincin rana ba.

"Baba, a bar shi mana. Zanen hannunka ya fi na injin."

"Ba zanen nake so ba, ɗana. So nake in san me Shehu ya ce."

Washegari ya yi abin da tela ke yi idan hannun riga ɗaya ya ƙi zama: ya jera biyun. Ya buɗe umarnin da shi ya rubuta wa filas, ya buɗe wanda Shehu ya rubuta wa makulli, gefe da gefe. Layi takwas kowanne. Ya bi da yatsa. A layi na bakwai nasa babu komai, na Shehu akwai lamba biyu. Ya ɗauki hoto ya tura Damagaram. Bayan kwana huɗu amsa ta zo.

"Baba, lambar rami ce. Marigayi ya ce a karɓi makullin idan ya shigo ta rami na biyu na tsohuwar kwamfutarsa. Ramin nan ya ƙone. Goge lambar kawai."

Ashe wata biyar ƙofar tana jiran baƙo ta hanyar da babu ita.

Bai goge nan take ba. Ya ce mini ya daɗe yana kallon lambar, don yatsan Shehu ne ya buga ta. Sai da ya kwafe ta a littafin awo, da kwanan wata, sannan ya danna.

Ranar Alhamis ce, ina tsaye da zare a hannu. Makullin ya wuce. Haladu ya bi da wayar injin ta hanya ɗaya, ƙofa bayan ƙofa, ita ma ta wuce. Ya buɗe "Na Tsoho". Wuyan riga ne, ƙarami, daidai siririn wuyan Haladu. Ya ɗaura farin yadi, ya sa shuɗin zare. Injin da ya yi wata shida shiru ya kama bugawa. Allo ya nuna ɗinki dubu takwas da ɗari uku, minti goma sha tara, sai allura ta tsaya. Gefen dama ya cika. Na hagu rabi ne, Shehu bai ƙarasa ba.

Haladu ya juya dama, wajen kujerar Shehu. "Bafillace, ka ga lalacinka ko?" Sai ya gyara ƙyallen da ke kan kujerar.

Kwana tara ya yi yana ƙarasa hagun da allurar hannu. Idan ka matso za ka ga inda injin ya tsaya, hannu ya ɗauka. Ya ɗinka riga da yadin, da ita yake zuwa masallacin Juma'a yanzu, ya tafi shi kaɗai, ya dawo shi kaɗai, ya buɗe shago.

Idan kana da wata na'ura da ta ƙi isa kwamfutar ciki, don Allah gwada yadda ya yi. Fara da filas mai hoto ɗaya. Wuce ƙofa ɗaya, ka rubuta, sannan ta biyu. Kada ka canza abu biyu a rana. Idan ta tsaya, jera umarnin da ya yi aiki da wanda ya ƙi, ka bi su da yatsa layi-layi. Gwada yau, ka ƙirga ko sau nawa zai ɗauke ka.