Motar Baba Ba Ta da Ƙwanji

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi a Kano, ni da ƙanena. Sarin kayan gyaran mota ne ya kai mu Dubai, amma gaskiya abin da ya tsaya mini a rai hotuna ne guda shida a wayata, na tsohuwar motar marigayi Babanmu. Ƙirar Amurka ce, doguwa kamar kwalekwale, ta daɗe a rufe a garejin gida. Ƙanena ya gani a intanet cewa masu tara tsofaffin motoci na rububin wani iri da ake kira masul, ya ce ma'anarsa mota mai ƙarfi. Shi ke nan ya kafe a sayar. Muka yi da shi cewa idan masana sun ce masul ce, za a sa ta a kwantena. Na amsa da baki, raina bai so ba.

Mun yada zango a Addis Ababa, muka sauka Dubai cikin dare. Zafi ya tare mu tun daga bakin ƙofa, irin mai ɗanɗanon gishiri. Wani ɗan unguwarmu da ke aikin kago, wato jigilar kaya, a Port Saeed da ke yankin Deira ya sauke mu. Daga tagarsa ana hango jiragen ruwan katako ana yi musu lodin firji da tayoyi. Shayin karak ya fi komai araha a garin, don haka shi muka riƙe. Biryanin 'yan Pakistan kuwa faranti ɗaya ya ishe mu mu biyu, duk da ƙanena ba ya wasa da cikinsa.

Kwana biyu muna zagayen dillalai. A na uku mai masaukinmu ya kai mu Al Quoz. Titinsu sumul, tun daga Deira ban ji rami ko ɗaya ba, har na fara kewar gargada. Al Quoz ba Dubai ɗin hotuna ba ce, sito ne da gareji jere, leburori cikin shuɗayen kaya suna neman inuwa. A can ciki muka sami wani dattijo ɗan Sudan mai gyaran tsofaffin motoci.

Kafin ya kalli hotunanmu sai da ya tayar mana da wata jar mota. Wallahi har a haƙarƙarina na ji rurin salansar. Sannan ya yi bayani, mai masaukinmu na fassarawa. Ya ce ba kowace tsohuwa ce masul ba. Sai ƙirar Amurka ta shekarun sittin zuwa farkon saba'in, yawanci ƙofa biyu, jikinta matsakaici, amma an cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas, tayoyin baya ke tura ta. An yi ta ne don saurayi mai ɗan albashi ya fizgi titi, ba don ɗaukar iyali ba.

Ƙanena ya miƙa wayar yana ta zuba: motar nan ta sha kai mu ƙauye mu tara, ta ja tirelar gyaɗa, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Dattijon ya ƙirga ƙofofi da yatsa, ya leƙa hoton injin, ya yi murmushi.

"Habibi, ƙofa huɗu, silinda shida. Tsohuwa ce mai daraja, amma ba masul ba ce. Khalas, shi ke nan."

A nan na gane inda muka yi kuskure. Mu a Kano idan an ce mota mai ƙarfi, ana nufin mai juriya, wadda za ta sha rami ta sha lodi ta tashi gobe. Su kuma ƙwanji suke nufi, irin na ɗan dambe, a fito a nuna a koma. Ƙanena ya karɓi wayar muka nufi jirgin ƙasa. Ni kuwa daɗi ya cika ni, sai dai na ɓoye saboda kada ya ce da ma haka nake so. Kuma haka nake so ɗin.

Mun dawo Kano ranar Juma'a. Darasin tafiyar shi ne ka san me mai saye yake nufi da kalma kafin ka ɗora mata buri, kuma darajar da kasuwa ta sani daban take da ta gida.

Da yamma muka je gaida Umma. Ƙanena ya kwashe labarin duka, har da kwaikwayon rurin jar motar. Ta saurara tana gyara zogale a tire. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, don haka shi ta kalla.

"Ai Babanku ya yi irin wannan mai ƙofa biyun, baƙa, unguwa duk ta san ƙararta. Yana ji da ita kamar me. Washegarin sunan yayanka ya fita da ita, ya dawo da wannan ta gareji. Ya ce babu wurin jariri a waccan."

Na tashi na ce zan duba gareji, don kada su ga idona.