Ranar da Aka Matse Gangar Maigidana

Ku ba ni aron kunnuwanku, ku da kuka taso kuka tarar da sauti a aljihu.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, makaɗin gangar noma ne. Idan aka yi gayya a gonakinmu na wajen Ɗambatta, shi ke bin bayan manoma, ganga na gurnani, garemani na sauka tare. Abin da ya rage mini na kiɗansa kaset ɗaya ne, wanda wani maƙwabci ya ɗauka da rediyonsa. In an sa, sai ka ji buuu kamar hadari ya taso, sai kuma abin ya nutse. Haka nake lallaɓa shi, don ba ni da wani.

Jikana, mai aikin haɗa sauti a sutudiyo a Kano, ya zo hutun sallah da kwamfutarsa. Ya saurara, ya ce, "Amaryata, bes ne ya yi yawa, wato kaurin nan na ƙasa. Zan matse shi."

Ni da na tsufa ina matse tunkuza, na san ƙarshen abin da aka matse: mai ya fita, ƙuli ya rage.

Na ce, "Kai mijin banza, kishi kake da mamaci? So kake ka mayar mini da shi ƙuli-ƙuli?"

Ya yi dariya. "Na kwafe, tsohuwa, kaset ɗinki ba abin da zai same shi. Bugun da ya cika tsawa zan danne wa kai, sannan in ɗaga duka, ƙananan su samu hanya."

Da farko ya danne da yawa, ganga ta koma kamar ana dukan katifa. Na rufe fuska da mayafi. Ya ce, "Na wuce gona da iri, yi haƙuri." Ya sassauta, ya saurara, ya ƙara sassautawa, sannan ya ɗora mini abin ji a kunnuwa.

Subhanallahi! Ganga ta miƙe, kowane bugu da ƙafarsa. Kuma tsakanin bugu da bugu ga wani amo can ƙasa, hm, hm, daga maƙogwaron mutum. Haka maigidana yake yi idan kiɗa ya kama shi. Na zauna da shi har furfura, amma wallahi na manta.

Na ce, "Wa ya sa wannan a ciki?"

"Ba wanda ya sa, Kaka. Tun ranar da aka ɗauka yana nan, tsawar ce ta rufe shi."

Jikana ya koma Kano, yanzu har da yaran aiki a ƙarƙashinsa. Maƙwabcin da ya ɗauka, ƙasa ta rufe masa ido bai san abin da ya kama ba. Ni kuwa ina nan, an zuba mini a waya. Bayan la'asar nakan kara ta a kunne, kuma idan ya fara hm ɗin nan, ko sallama aka yi sai mai ita ya jira.