Kayan Bai Iso Ba

Kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, Baba Sifana ya riga ya share gaban garejinsa, ya shimfiɗa tsohon buhun da yake zama a kai, ya jera sifanoninsa daga babba zuwa ƙarami. Daga nan sai ya ɗauki tsumma ya shiga lungun baya, inda wani jan babur yake lulluɓe da tsohon zanin gado. Ya goge shi tas, ya tayar da injin ya saurara, ya kashe, ya mayar da lulluɓin. Shekara da shekaru haka safiyarsa take farawa. Babur ɗin lafiyarsa ƙalau. Amma duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ake ba shi: yana jiran kayan gyara ne, kayan kuma bai iso ba.

A ƙarshen watan nan Baba Sifana zai rufe gareji. Gwiwa ta ce ta gaji, ido kuma ya fara ganin noti ɗaya ya zama biyu. Babu wanda zai kira shi ya rataya masa lambar yabo, domin masu raba lambar yabo ba a kan babur suke yawo ba. Saboda haka gara a faɗi alherinsa yanzu, tun yana da ƙarfin da zai musanta.

Jan babur ɗin nan irin wanda ake kira ƙanin babur ɗin tsere ne. Jiki duk roba mai sheƙi, hanci a tsuke, hannu can ƙasa yadda sai mutum ya sunkuya kamar mai neman allura, kujerar baya kuwa can sama, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Masu sayarwa suna cewa na 'yan koyo ne: injinsa bai kai na yayyensa zafi ba, ba shi da nauyi, birkinsa na ci, ba ya shan mai. Duk gaskiya ne, kuma Baba Sifana bai taɓa cewa ƙarya ba ne. Hasali ma yana son irin baburan nan, idan ya buɗe cikinsu har murmushi yake yi. Abin da yake cewa kawai shi ne, wanda ya ƙera su ya yi tunanin titi sumul da mutum marar kaya, ga shi kuwa titin da muke da shi rami ne da cunkoso, magidanci kuma ba a san shi da komawa gida hannu rabbana ba. Shi ya sa duk wanda ya kawo masa irinsa don ya duba kafin a saya, ba ya fara tambayar giya ko taya. Tambayarsa ɗaya ce: “Ina za ka sa cefane?”

Mai shayin da ke gefen garejin shaida ne cewa tambayar nan ta ceci aure fiye da wa'azi. Wanda ya kama sosa ƙeya, Baba ya nuna masa babur mai shimfiɗaɗɗiyar kujera da kariyar ɗaura kaya a baya. Wanda ya ce shi da jakar goyonsa ne kawai, Baba ya ce ya saya, amma kada ya sake ya zo masa gareji babu hular kwano. Mutum ɗaya ne tambayar ba ta yi wa aiki ba, shi ne Tela, domin shi bai zo neman shawara ba sai da ya saya.

Tela abokin Baba Sifana ne tun suna yawo babu takalmi. Mutum ne mai hannu a ɗinki, mai tumbi daidai gwargwado, wanda furfura ta fito masa ba tare da ta yi shawara da zuciyarsa ba. Wata safiya sai ga shi a kan jan babur, tumbin ya kwanta a kan tanki, ƙafafu sun naɗe a baya kamar kwaɗo. 'Yan majalisar da ke zama a rumfar mai shayi suka miƙe tsaye suna tafi.

“Mutumina,” in ji Tela, “ba gyara na kawo ba. Kallo na kawo maka.”

“Na gani,” in ji Baba. “Wa ya ɗora ka?”

“Ni na hau da kaina.”

“To wa zai sauke ka?”

Majalisa ta fashe da dariya, amma Tela ya murɗa hannu, salansa ta yi gurnani, dariyar ta koma kabbara. Nan take wani ya raɗa masa suna Guguwa. Baba ya yi tambayarsa ta cefane, Tela ya ce wanda ya hau irin wannan ya wuce a yi masa zancen tumatir.

Abin da ya biyo baya, maiɗakin Tela ce ta ba da labarinsa, kuma ba ta rage komai ba. Ranar da ya ce zai kai ta gidan yayarta, sai da aka kawo kujerar tsakar gida ta taka sannan ta hau. Da ta zauna ta ce, “Maigida, wannan kujera ce, ko mantawa aka yi ba a ƙarasa ta ba?” Ta fi shi tsawo a zaune, har tana hango shanyar mutane ta saman katanga. Duk birkin da ya taka sai ta faɗo masa a baya, shi kuma ya faɗa kan tanki. A hanyar dawowa ya rataya ledar ƙwai a madubi, suka ci karo da tudun rage gudu, ƙwan ya isa gida a kaɗe, saura a zuba a kasko. A cunkoso kuwa injin yana gasa masa ƙwauri, hannun kuloci yana cin yatsunsa, mai keke yana wuce shi yana yi masa sannu.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya ce kawai. Amma nauyin mutum a kan irin wannan babur a wuyan hannu yake sauka, Tela kuwa da wuyan hannu yake ci da iyalinsa. Almakashi ya fara rawa a hannunsa. Ya yanka wa wani wando, ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya. Wuya ya ƙage, ya koma gaisawa da mutane da gefen ido. Sai maiɗakin nasa ta yafa mayafi ta zo gareji.

“Baba, ka ceci abokinka,” ta ce wa Baba Sifana. “Na ce ya mayar, ya ce sai dai a mayar da gawarsa. Wai me zai ce wa 'yan majalisa? Mutum zai rasa sana'arsa saboda sunan da masu shan shayi suka sa masa.”

Baba ya san abokinsa. Idan aka ce masa babur ya fi ƙarfinsa, zai hau shi har sai hannun ya mutu. Ya ce da ita ta koma gida, ta dai tuna wa Tela lokacin canjin baƙin mai ya yi.

Da Tela ya kawo babur, Baba ya tayar da shi, ya kara kunne a tanki, ya ɗaure fuska. Ya ɗaga murya yadda rumfar mai shayi za ta ji.

“Kai Tela, ba ka tsoron Allah? Wane irin gudu kake yi da abin nan? Ka cinye masa ƙarfe a ciki!”

Tela, wanda bai taɓa wuce giya ta uku ba, ya ce, “Wane ƙarfe?”

“Wani ɗan ƙarami ne, ba shi da suna da Hausa. Sai an aiko da shi daga inda aka ƙera.”

“Yaushe zai iso?”

“Ka san halin kaya.” Baba ya nuna wani tsohon babur mai kariya da kujera kamar benci. “Riƙe wannan kafin nan.”

Suka dubi juna, kallon mutanen da suka saci mangwaro tare suna yara. Sai Tela ya juya wajen majalisa ya ce, “Ku ji fa! Ni zan hau wannan akwalar?” Yana faɗa yana gyara zama a kanta, bayansa a miƙe karon farko tun ranar da ya zama Guguwa.

Tun daga nan abin ya zama gaisuwarsu. Tela ya biyo da cefane ɗaure a kariya, ya rage gudu, ya ce, “Kayan ya iso?” Baba ya ce, “Bai iso ba.” Tela ya girgiza kai ya ce, “Kanikawa ke nan, Allah ya shirye ku.” Hannu ya warke, ɗinki ya dawo, sunan Guguwa ya ƙara tsawo, domin yanzu shi ne mutumin da gudunsa ya cinye ƙarfe.

Wanda ya biya kuɗin wannan suna, kai ne, Baba. Kai ne aka riƙa nunawa ana cewa ga bakaniken da babur ya tsufa a hannunsa. Akwai waɗanda suka ɗauke ababen hawansu suka kai wani wuri saboda wannan magana, kana ji kana gani, ba ka ce uffan ba. Kalmar da 'yan sana'arka suke fakewa da ita su ɓoye lalacinsu, kai ka ara ka rufa wa abokinka asiri da ita. Gagara noti, mai kunnen injin, ashe kunnen mutane ma kana da shi.

To, sai ga maganar rufe gareji. Babur dole ya fita, 'yan majalisa kuma suka fara murna wai Guguwa zai dawo titi. Tela ya zo a sanyaye, ya zauna a kan tsohuwar taya.

“Mutumina, ba za ka ƙara ko shekara ɗaya ba?”

“Tambayi gwiwa,” in ji Baba.

Baba ya yi ta juya abin a ransa, har ya tuna da Auta, ɗan Tela na ƙarshe, wanda yanzu ya zama cikakken mutum yana aiki can ɗaya gefen gari, ta miƙaƙƙen titin da babu rami sosai, kullum yana fama da motar haya. Ya kira shi ya yi masa tambayar da ya saba.

“Ina za ka sa cefane?”

“Baba, ai a gida nake ci.”

“Ka ci jarrabawa. Sayi hular kwano, ka zo ranar da zan kira babanka.”

Ranar, Baba ya turo jan babur gaban gareji, ya yaye zanin gado, ya ce da ƙarfi, “Jama'a, kaya ya iso!” Rumfar mai shayi ta watse ta dawo gareji. “Guguwa, hau! Guguwa, hau!” Tela ya tako a hankali kamar wanda za a cire wa haƙori, maiɗakinsa tana daga bayan taro ta dafe ƙirji. Baba ya miƙa mabuɗi, sai kuma ya janye hannu.

“Tsaya. Sabon ƙarfen nan lallashi yake so, kai kuwa hannunka bai san lallashi ba. Kai ka cinye na farko. Idan ka cinye wannan, babu garejin da zai jira maka wani. Sai dai a nemi mai sanyin hannu.”

Tela ya numfasa. Ya dubi jama'a da fuskar wanda aka zalunta. “Gaskiya ɗaya ce, ni ban iya a hankali ba. Auta! Zo ka karɓa, na ba ka. Kai ne ka gado tsoron uwarka.”

“Tsoron nawa ne ya sa har yau wuyanka yake juyawa,” in ji ta daga baya.

Auta ya ɗaure hula, ya ɗaga ƙafa ya hau ba tare da kujerar tsakar gida ba. Babur ya zauna masa kamar an auna. Ya ja a natse ya bi titi. Mai shayi ya matso kusa da Baba ya yi ƙasa da murya ya ce, “Wai don Allah wane kaya ne ya iso?” Baba ya nuna bayan Auta da haɓa ya ce, “Ga shi can. Sabon ƙashin baya. Shi nake jira ya girma.”

Tela ya kawo akwala zai mayar, Baba ya ce ya riƙe. Baba ya ji ana cewa Auta ya fara zuwa zance, kuma duk wanda ya fara zuwa zance, cefane yana nan tafe, akwala za ta yi masa rana.

Mun gode, Baba Sifana. Allah ya huta da gwiwa, ya bar ido ya ga jikoki ɗai-ɗai ba biyu-biyu ba. Masu sha'awar babur mai tsukakken hanci, ku tambayi kanku tambayarsa kafin ku saya, tunda shi ba zai kasance a layin ya tambaye ku ba. Ku kuma kanikawa, mun san ba za ku daina cewa kaya bai iso ba. Abin da muke roƙo shi ne, duk ranar da za ku faɗa, ya zama akwai wanda kuke ceta ban da kanku.