Nishin Jigo

Shekarar da ciwo ya share mana garke, na kasa zama wuri ɗaya. Ƙafata ta saba bin shanu. Da asuba sai in zabura in ɗauki sanda, sannan in tuna babu abin korawa. Zamanin Turawa ne, jirgin ƙasa bai daɗe da fara wucewa Nguru ba, samari sai binsa suke yi neman aiki. Ni ma raina ya biya. Amma Baffa, mahaifina, ya tsufa, ba shi da mai ci da shi sai ni.

Wani tsoho Babarbare ya ara mini 'yar gona a bakin kogin Haɗeja, na shuka alkama. Da jigo ake ba ta ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindinta, guga a bakinta. Ka janyo gugan ƙasa ya nitse, ya taso, ka juye. In alkamar nan ta bushe, ni da Baffa ba mu da abincin shekara.

To, ni na sha bulala a sharo ban ko ƙifta ido ba. A wurinmu Fulani nishi abin kunya ne. Don haka sai in cije leɓe, in riƙe numfashi, in ja da hannu zalla. Kafin hantsi idona ya yi duhu, ƙuguna kamar an sara. Kwana huɗu rabin gonar bai ga ruwa ba, ganye ya fara lanƙwashewa. Tsoro ya kama ni sosai.

Barebari abokan wasanmu ne, tsohon kuwa ba ya raga mini.

"Kai Bafillace, bawana, jigo kake ja ko gawa? Ina numfashinka?"

"Baba, mu ba ma nishi."

"Shi ya sa ba ku iya komai ba sai tsayuwa da ƙafa ɗaya."

Ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini ɗamara da shi, ya dafa cibiyata. "Ƙarfi a nan yake, hannu ɗan aike ne. Guga na sama, ja iska ta cika nan. Za ka janyo, tamke cikin, ka sake ta da murya. Kunyarka ba za ta shayar da alkama ba."

Na waiga hagu da dama, babu kowa. Nishin farko ya fito ɗan siriri, tsohon ya yi ta dariya har da dafa gwiwa. Haushi ya sa na saki na biyu da gaske. Abin mamaki, sai gugan ya yi sauƙi, ƙugun ya lafa. Na ja, na yi nishi, na ja, na yi nishi, har na manta da kaina. Kafin la'asar ruwa ya kai ƙarshen gona.

Ina ɗaga kai sai ga Baffa tsaye, sanda gicciye a kafaɗa. Shi ne fa mutumin da ya binne shanunmu da hannunsa ba a ji ko tarinsa ba.

Na saki igiya, na sunkuyar da kai.

"Daga bukka na jiyo," in ji shi. "Na ɗauka kukan bijimin nan namu ne, baƙin."

Ya nemi wuri a bakin gaɓa ya zauna, ya juya mini baya.

"Ci gaba. Kada ka yi shiru."