Shekarar da Alwala Ta Ƙi Zama

Ko zan manta da komai a duniya, ban da shekarar da alwala ta ƙi zama a jikina.

Ni dama mutum ne mai yawan kokwanto. A Mandawari kowa ya san ni da maimaita alwala, har abokan ɗinkina a Ƙofar Wambai suka laƙaba mini Malam Buta. Shi ya sa da na fara jin wani nauyi ta ƙasan bayana, kullum kamar zan yi bayan gida amma in na je babu komai, ba wanda ya kula. Limaminmu ya ce waswasi ne, in daina biye wa Shaiɗan. Yayana ya ce basir ne, wane Bakano ne ba shi da shi? Ya kawo mini jiƙo a jarka, na sha har na gaji. Zaman keken ɗinki ya gagare ni, a tahiya ma sai na karkace. Ina cikin salla sai in yanke in koma buta, don tsoron tsayuwa gaban Allah ba tsarki.

Matata ce ta kai ni asibiti, kusan da faɗa, domin kunyar a duba ni a wurin nan ta fi mini ciwon. Likita ya duba, sannan ya tura ni hoto a wata na'ura mai ƙara da ake zura mutum ciki. Hoton ya nuna ƙari ne a bayan dubura, tsakaninta da ƙashin gindi, shi yake danne ta. Ya ce ba a cika ganin irinsa ba, kuma bai yi kama da sankara ba, amma sai an cire an auna za a tabbatar.

Na taɓa jin cewa wasu in an yi musu aiki a wurin, ba sa iya riƙe bayan gida. Sai na ce, "Likita, ni ba maganar mutuwa nake ba. In kun gama, alwalata za ta riƙa zama?"

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ta baya za mu shiga, in Allah ya yarda ba za mu taɓa hanjin ba. Sauran kuma tsakaninka da butarka."

Aka yi aiki. Na daɗe ina kwanciyar rub da ciki, ina ta saƙe-saƙe, har sakamako ya fito: ba sankara ba ce, kuma an cire shi duka.

Ranar da na koma masallaci, na yi Magariba, na zauna daram har Isha'i da alwala ɗaya. Liman ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa. Yayana kuwa cewa ya yi, "Yau dai buta ta huta."

Kokwanto bai rabu da ni duka ba, hali zanen dutse. Amma na gane cewa mai yawan ƙorafi ma wata rana da gaske yake. In jiki ya dage da magana, a ajiye kunya a kai shi gaban likita.